Kundin da Sa'idu Ya Zana wa Ɗan Gwaggonsa

Ina da wani ɗan aibi da na daɗe da daina ƙoƙarin gyarawa. Idan mutum ya zaunar da ni ya ba ni labarin kansa, ya ce don Allah kada ya wuce tsakaninmu, nakan amsa masa da zuciya ɗaya, kuma a lokacin da gaske nake. Sai bayan kwana biyu in ji labarin yana yi mini ƙaiƙayi a baki. Malam Sa'idu na Jega ya san haka tun muna samari, ya kuma ba ni nasa, saboda haka rabin laifin nasa ne.

Malam Sa'idu malamin gona ne, shekararsa arba'in da tara. Aikinsa yawo a kan babur daga Jandutsi zuwa Dangamaji har Liba ta ƙasar Maiyama, yana nuna wa masu noman albasa yadda ake tsaga fangali a ja masa hanyar ruwa, mutanen da kakanninsu suka riga nasa kakan sanin abin. Mai sanyin magana ne, ba ya faɗa da kowa. Amma abin da aka yi masa ba ya ruɓewa a cikinsa. Yakan ajiye shi a inuwa, yana juya shi lokaci zuwa lokaci.

Yana da taubashi, Zayyanu, ɗan ƙanwar mahaifinsa, dillalin albasa a Aliero. Tsakanin ɗan namiji da ɗan mace akwai wasa, kuma dokar wasan sananniya ce: duk abin da taubashinka ya gaya maka, ko a gaban surukanka ne, dariya za ka yi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma za a yi ta ba da labarinsa a wurin biki. Zayyanu ya shekara arba'in yana morar wannan doka. Sa'idu ya shekara arba'in yana dariyar da ba ta wuce haƙora.

Wata tafiya da Zayyanu ya kai albasa Kudu, ya dawo da injin gem na gwanjo, da faifai guda a cikinsa. Shi a zatonsa ƙwallon ƙafa ce irin wadda kowa ya sani. Da aka haɗa shi da talabijin a zaure, sai ga ƙarti sanye da hulunan kwano, kafaɗunsu kamar an cusa musu filo, suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ƙwallon Amurka ce. Samarin gidan suka duba sau ɗaya suka watse. Zayyanu, da yake ba ya son a ce an cuce shi, ya ce ai da gangan ya zaɓo ta, wannan ta manya ce. Da yake kuma wasan sai da abokin karawa, ya aika aka kira masa ɗan kawunsa.

Wasan ba wuya a faɗe shi. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Mai ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci yadi goma, kamar a shagon atamfa. Ya ci, a sake ba shi huɗu, har ya kai ƙarshen fili ya samu maki shida, ya buga ta tsakanin ƙarafa a ƙara masa ɗaya. Kafin kowace dama sai ka zaɓi zane, wato wa zai tare, wa zai ruga ina, wa mai jifa zai jefa wa. Wanda ba ƙwallo a hannunsa shi kuma ya zaɓi tsarin tsaro. Idan ka ɓata dama uku ba ka kai ba, mai hankali yakan buga ƙwallon can nesa ya mayar wa abokin gaba, don kada a ƙwace ta a bakin gidansa, wato nasa ƙarshen filin.

Sa'idu mai hankali ne. Duk Asabar bayan la'asar yakan hau babur daga Jega zuwa Aliero, ya zauna a tabarmar zaure ya riƙe hannun gem, ya ɓata dama uku, ya buga ƙwallo ya mayar. Asabar goma sha bakwai, an cinye shi sau goma sha bakwai. Masu kallo ba yawa, amma ba sa fashi: tsoho Yari mai ɗinkin buhu, da duk direban da ke jiran lodi. Tun a Asabar ta huɗu, da dama ta huɗu ta zo, Zayyanu yakan miƙe ƙafa ya ce, "To ɗan kawu, maida musu kayansu." Kafin a ƙare dashen albasa sunan ya zauna: Malam Maida-musu.

Da abin ya tsaya a zaure, da ya haɗiye shi kamar sauran. Sai wata Laraba a Liba, yana tsaye a bakin gona da manoma kusan talatin, yana yi musu bayanin tazarar dashe, ga motar Zayyanu ta zo wucewa. Ya sa direba ya tsaya, ya leƙo da kai.

"A'a, Malam Maida-musu, nan kake? Jama'a ku saurare shi da kyau, malami na. In ya ba ku iri, ku riƙe da ƙarhi, don halinai na maidawa."

Manoman ba su san komai game da wasan ba, amma sunan ya yi musu daɗin faɗa. Sa'idu ya yi dariya tare da su, har da tafa hannu. A hanyar komawa Jega ya wuce kwanar gidansa bai sani ba.

Ba zai iya yin fushi ba. Ba zai iya kai ƙara wurin gwaggo ba, ga shi da furfura a gemu. Ramuwa ɗaya ta rage masa: ya kayar da Zayyanu a zauren nan, a gaban Yari, kuma ba kayarwar sa'a ba. Yana so ya kama shi da halinsa, sa'an nan ya zauna ya karanta masa halin ɗaya bayan ɗaya, cikin murmushi, yadda doka ta yarda.

Dama yana da kayan aiki. Tun Asabar ta shida yake rubuta abin da Zayyanu ke yi idan yana tsaro, a bayan littafin da yake rubuta sunayen manoma. Da ya zauna ya bi rubutun, sai ya ga ɗan gwaggonsa tsirara. Idan dama ta uku ce kuma da sauran yadi da yawa, Zayyanu yakan sako mutum shida ko bakwai a guje kan mai jifa. Haɗama ke nan, irin ta mutumin da ke sa hannu biyu a akushi. Idan an kusa gidansa yakan tara kowa a tsakiya ya bar gefe a buɗe. Rowa ke nan, mai gadin ƙofar rumbu ya manta bayan rumbu kara ne. Idan kuwa yana gaba da maki masu yawa, sai ya ja mutanensa can baya ya bar ka kana tsintar yadi biyar-biyar. Wannan raini ne, kuma shi ya fi ci wa Sa'idu rai, don ya san fuskar da Zayyanu ke yi idan yana ba mutum abin da ba ya bukata.

Dama ta zo da kanta. Da aka fara cirar albasa, Zayyanu zai bi mota Kudu na mako uku. Ya sa aka cusa injin cikin buhun albasa, aka ɗaure a bayan babur ɗin Sa'idu.

"Tahi da shi ka koya, ɗan kawu. Na gaji da bugun wanda bai ramawa. Ko matarka Shafa'atu ka ba hannu guda, wataƙila ka samu wanda kaka ci."

"Na gode, ɗan mace," in ji Sa'idu. "Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya." Addu'ar nan ta biyu da gaske ya yi ta.

A gida, cikin laluben injin, ya tarar da wani ɗaki da ba su taɓa shiga ba. Ashe ba dole ne mutum ya yi amfani da zanen da aka ba shi ba. Kana iya buɗe kundi naka, ka jera mutanenka yadda kake so, ka ja wa kowa layin da zai bi, ka raɗa wa zanen suna. Sa'idu ya daɗe yana kallon farin filin nan da ɗigo goma sha ɗaya. Mutumin da ya shekara ashirin yana gaya wa ruwa inda zai bi, yau an ba shi ƙarti.

Ya fara kamar yadda ya saba. Ya ja layuka masu lanƙwasa, wannan ya zuba cikin wancan, wancan ya rabu biyu, kyakkyawan aiki da za a iya kai baƙi su gani. Da ya gwada, mutum uku suka yi karo da juna a tsakiyar fili, na huɗu ya fice daga filin gaba ɗaya yana gudu, mai jifa kuma aka kwantar da shi aka hau. Ruwa idan ya haɗu da ruwa wucewa yake. Ƙato idan ya haɗu da ƙato tsayawa suke. Kwana biyu ya yi kafin ya yarda da wannan.

Sai ya sauko ƙasa. Da rana tsaka, idan ya dawo daga gona kuma wutar sola na da ƙarfin ɗaukar injin, yakan share tsakar ɗaki ya jera albasa goma sha ɗaya, su ne mutanensa, da lemon tsami goma sha ɗaya, su ne na Zayyanu. Ya durƙusa yana tura wannan yana janye wancan, yana magana shi kaɗai. Abin da ya gane daga ƙarshe shi ne, ba nasa ƙartin ne ruwan ba. Na Zayyanu ne. Su za a buɗe wa baki su kwararo inda suke so, a toshe bayansu, a bi ta inda suka bari.

Shafa'atu matarsa ta tsaya a bakin ƙofa wata rana da ludayi a hannu.

"Malam, wagga babbar ta tsakiya, kana da bukata tata?"

"Shi na mai jihwa. Kar ki taɓa shi."

"To ba ni wanda bai da aiki."

"Duk suna da aiki."

"Su dai sun ji daɗi," ta ce. Ta sunkuya ta ɗauki lemon tsami guda daga mutanen Zayyanu ta tafi da shi. Sa'idu bai hana ta ba. Har ya ɗan ji sanyi.

Zane ashirin da biyu ya yi, kuma kowanne da sunan wani tsohon ciwo. Akwai Akuyar Gwaggo, don ranar da Zayyanu ya bar akuya ta cinye shanyar gero ya ce Sa'idu ne ya kwance ta: mai jifa zai yi kamar ya miƙa wa mai gudu ƙwallo, kowa ya bi marar laifi, ƙwallo tana wani wuri. Akwai Takalmin Ango, don ranar ɗaurin aurensa da Zayyanu ya ɓoye masa takalma ya koma gida da silifas ɗin masallaci: wannan gajeren jifa ne zuwa gefe, maganin rowa. Akwai Hannu Biyu a Akushi, inda masu tarewa za su yi kamar sun kasa, su bar bakwai ɗin nan su shigo da gudu, a ɗaga musu ƙwallo ta saman kai ga mutumin da ke tsaye a bayansu. Akwai Keken Aro, wanda ba zan faɗi asalinsa ba don har yanzu maganar tana da zafi. Mafi yawansu kuwa ƙananan zane ne marasa kwalliya, na yadi huɗu, yadi biyar, masu cin lokaci. Zayyanu gwanin dogon jifa ne, kuma Sa'idu ya san ba zai iya hana shi ba. Abin da zai iya shi ne ya hana shi riƙe ƙwallon.

A mako na uku ya rame kaɗan. Manoman Dangamaji sun lura malaminsu yana zana musu fangali a ƙasa da tsinke, sai ya ƙara wata kibiya da ba ta da alaƙa da albasa.

Zayyanu ya dawo ranar Alhamis. Asabar bayan la'asar Sa'idu ya sauke buhu a ƙofar zaure. Ana zafi sosai, warin sabuwar albasa ya cika unguwa. Yari yana gefensa da basilla da igiya, direbobi biyu sun jingina da bango.

"Ka koya?" in ji Zayyanu.

"Na ɗan taɓa."

"To zamna mu gani. Yari, aje ɗunkin ga, ka samu abin dariya."

Sa'idu ya zaɓi kundinsa. Ƙwallo ta fara zuwa hannunsa. Yadi huɗu. Yadi biyar. Yadi uku. Aka sake ba shi huɗu. Ya ci gaba da tafiya kamar mai bin kunya da fartanya, ba sauri, ba tsayawa. Da ya kai bakin gidan Zayyanu, ya ga an tara kowa a tsakiya, daidai yadda littafi ya ce. Ya kira Takalmin Ango. Mutuminsa ya karɓi ƙwallo a gefe shi kaɗai, ya shiga yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwa.

Yari ya ɗago kai. "Wa ac ci?"

"Baƙo na, mun ba shi ruwa," in ji Zayyanu. Ya karɓi ƙwallo, ya yi dogon jifa biyu, ya rama cikin minti ɗaya.

Haka aka yi ta yi. Sa'idu ya yi tafiyar minti biyar ya ci, Zayyanu ya yi ta minti ɗaya ya rama. Amma agogo na tafiya, kuma yawancinsa a hannun Sa'idu yake ƙarewa. Bayan hutun rabin lokaci aka kai dama ta uku da sauran yadi goma sha biyu. Sa'idu ya kira Hannu Biyu a Akushi. Mutum bakwai suka kwararo, ƙwallo ta bi ta saman kansu, mai karɓa ya yi yadi arba'in ba wanda ya taɓa rigarsa. Direba ɗaya ya bar bango ya matso. Zayyanu ya daina miƙe ƙafa.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Zayyanu yana da ashirin da takwas, Sa'idu ashirin da huɗu, ƙwallo a hannun Sa'idu a tsakiyar fili, dama ta huɗu, saura yadi biyu. Zayyanu ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, ya duba maki, ya fasa.

Sa'idu ya kira Akuyar Gwaggo. Mai jifa ya miƙa hannu, mai gudu ya rungume iska ya faɗa tsakiya, mutanen Zayyanu tara suka hau kansa suna danne marar laifi. Can gefen dama wani siririn mutum yana gudu shi kaɗai, ƙwallo ta sauka a hannunsa. Ba a kamo shi ba. Talatin da ɗaya da ashirin da takwas. Zayyanu ya samu daƙiƙa ashirin, ya yi dogon jifa uku, duka suka faɗi ƙasa.

Sa'idu ya ajiye hannun gem a hankali kamar ƙwai. Ya sha ruwa. Ya zaro littafinsa daga aljihun gaba, ya gyara zama ya fuskanci Yari da direbobi, don shaidu ake yi wa karatu.

"Ɗan mace, ka yi haƙuri in hwaɗa maka kaɗan daga halinka, tunda wasa na."

"Hwaɗi, ɗan kawu. Yau ranarka ta."

Ya karanta. Ya karanta haɗama, da kwanan wata da adadin mutanen da aka sako. Ya karanta rowa. Ya karanta raini, a nan ya ɗan yi tari. Ya bayyana kowane zane da asalin sunansa, akuya da takalmi da keke, yana murmushi irin na mutumin da ya biya wa kansa bukata. Ya ce shekara arba'in yana kallon Zayyanu, kuma mutum ba ya iya ɓoye halinsa ko a cikin talabijin. Direbobi suka yi dariya sosai a wurin takalmi. Yari ya ce shi ma yana wurin ranar, silifas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne.

Zayyanu ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace. Ba kunya a fuskarsa, ba haushi. Abin da ke wurin ya fi kama da fuskar mutumin da ake karanta wa wasiƙar wani.

"Keken na tuna," ya ce. "Akuya ma ni na, Allah shi gahwarta mini. Amma wanga batu na sako mutum bakwai, yaushe nis sako su?"

"Duk dama ta ukku. Ga shi nan rubuce."

"Ana sako su na? Ni cewa nike su ka zuwa da kansu."

Sa'idu ya duba shi, ya duba littafin.

Zayyanu jifa kawai ya koya. A wasa goma sha takwas ɗin nan bai taɓa zaɓar tsarin tsaro ba. Idan ƙwallo ta bar hannunsa, duk abin da injin ya fara nuna masa shi yake dannawa, ya zauna yana jiran a maido masa da ita.